Babi na Bakwai

Ƙarfe tara na safiyar Talata Shugaban Sashe ya kira 'yan sanda. An fasa kabad ɗin Farfesa, an kwashe rubutun littafin da ya shekara goma sha ɗaya yana yi, an goge kwafin da ke cikin kwamfuta. Ranar Juma'a ce maɗaba'ar jami'a za ta karɓi littafin.

Kafin Sufeto ya iso, masu gadi sun kulle wata ɗalibar digiri na uku a ɗakinsu. Takardar korarta na kan teburin Shugaban Sashe, sa hannu kawai take jira.

Sufeto ya tsuguna gaban kabad ɗin. An kankare bakin ƙofar da ƙarfe, amma harshen makullin ko lanƙwasa bai yi ba. Da mabuɗi aka buɗe, daga baya aka yi masa raunin.

"Su wa ke da mabuɗi?"

"Farfesa da sakatariyarsa," in ji Shugaban Sashe. "Amma ita ka cire ta. Shekara ashirin da shida tana buga masa rubutu. Uwar Ofis muke ce mata. Ni kaina in na makara harara nake sha."

Uwar Ofis dattijuwa ce mai tabarau da igiya a wuya. Ba ta daina goge teburinta ba sa'ad da take amsawa.

"Jiya da yamma na ga yarinyar ta fito daga ofishin, jakarta a kumbure, Yallaɓai."

A ɗakin masu gadi ɗalibar ta ce ko ƙofar sashen ba ta taka ba jiya. Sufeto ya buɗe mata littafin baƙi, ya ɗora yatsa kan sa hannunta. Ta sunkuyar da kai.

"Na zo. Na kuma ɗaga wa Farfesa murya, shi ya sa na ji tsoro. Sau uku yana ba ni littafi ɗaya in karanta, kowane karo kamar sabo. Shekara huɗu ina ƙarƙashinsa, jiya ya tambaye ni ɗalibar waye."

Sufeto ya samu Farfesa a kusurwar ɗakin karatu yana rubutu da hannu. Tsohon ya tarbe shi da fara'a, ya yi masa bayani kamar yana gaban aji.

"Yadda marubuta ke wasa da lokaci nake nazari, ɗana. A labaran kimiyya mutum kan hau na'ura ya je ya ga jikokinsa sun tsufa. A na al'ajabi ya kwana ɗaya a wani gari, ya dawo ya tarar shekara ɗari ta wuce. Amma mafi muni yana cikin na ban tsoro: mutumin da rana ɗaya ke ta dawo masa. Shi ne babi na bakwai. Yau da safe na fara shi."

"Wa kake zargi da satar, ranka ya daɗe?"

Farfesa ya dube shi, fara'ar na nan yadda take. "Wace sata? Daga maɗaba'a kake?"

Sufeto ya daɗe a tsaye a baranda kafin ya koma sashen. Ya sa Sajen da suka zo tare ya rufe ƙofa, ya nuna durowar ƙasa ta teburin Uwar Ofis.

"Baba, buɗe min nan."

"Takalmana ne a ciki."

"Sai mu gaisa da su."

Ta buɗe. Dami-damin takardu ne fal da rubutun hannun Farfesa, kowanne a ɗaure da roba. A saman kowanne an rubuta Babi na Bakwai, jimlar farko iri ɗaya, kwanan wata ne kawai ya bambanta. Na ƙasa tun na bara ne.

Uwar Ofis ta cire tabarau ta zauna.

"Kullum da rana yake kawo min, yana murna ya fara sabon babi. Ni kuma in buga in sa a kabad, don yakan auna tsayin tarin da tafin hannu ya ce mun kusa. Babi shida na farko lafiyayyu ne, ba a taɓa rubuta irinsu a sashen nan ba. Sauran duk wannan ne. Ranar Juma'a za a aika wa mutanen da shi ya koyar, su karanta su gane mantuwa ta kama shi."

"Ina littafin?"

"Yana gidana, cikin akwati."

"Yarinyar fa? Me ta yi miki?"

"Ba komai. Ita ce ta shigo jiya. Na ce tana da ƙuruciya, za ta samu wata makarantar." Ta dubi Sufeto. "Na san abin da na yi."

Sufeto ya zaro takardar bayani. Uwar Ofis ta ɗora hannu a kan takardar.

"Alfarma ɗaya, Yallaɓai. Ka rubuta sayarwa na so in yi. Kwaɗayi. Kada ka sa dalilin."

"Hukuncinki zai fi nauyi."

"Na yarda."

Sufeto ya juya biron a hannunsa. Ya san da ya rubuta gaskiya, kafin la'asar labarin tsohon ya gama zaga jami'ar. Ya kuma san Shugaban Sashe ba zai yarda wannan matar ta saci littafi don sayarwa ba, zai ce rufa wa ɗalibar asiri take yi, ya sa hannu a takardar korar.

"In ban sa dalilin ba, yarinyar ba ta fita ba," ya ce. Ya janye takardar daga ƙarƙashin hannunta ya fara rubutu.

Bai sa mata ankwa ba. Saje na gaba, ita a tsakiya, suka haɗu da Farfesa a bakin bene yana hawowa a hankali. Ta gyara mayafinta ta rusuna.

"Ranka ya daɗe, yau da wuri zan tashi."

"To, madalla," in ji shi, ya matsa ya ba su hanya. "Sai gobe."