Ruwan Gidan Takawa

A Matameye akwai wani masaƙi mai suna Munkaila, wanda ya tashi ba uba. Akwai kuma Baiwa, 'yar Takawa manomi, wadda ba ta rasa komai ba sai kwanciyar hankali. Suna son juna, amma Baiwa ta san abin da Munkaila bai sani ba. Shekarar da mahara suka shigo, babanta ne ya nuna musu rumbun da Idrisa, uban Munkaila, ya ɓuya a ciki, don su ƙyale nasa gidan. Suka tafi da Idrisa bauta.

Bayan shekaru, sai ga Idrisa ya dawo cikin ayarin fatake, kansa fari fat. A Lokoja ya sami 'yanci, ya bi Isa Almasihu.

Sa'a, wadda ta daɗe tana son Munkaila, ta tare Baiwa a bakin rijiya.

"Amarya! Kakata ta ga komai, ni kuma na faɗa wa tsohon. Sai ki nemi wani angon!"

Guga ya suɓuce wa Baiwa...

Da la'asar Munkaila ya same ta ta yi tagumi.

"Sanyin idona, me ya faru? Gobe fa Baba zai zo gaida iyayenki."

"Munkaila... in ka ji wani abu, kada ka tsane ni."

Washegari da hantsi Idrisa da Munkaila suka yi sallama a zauren Takawa. A cikin gida, Takawa ya ce ba zai haɗa zuri'a da mai wani addini ba.

Matarsa ta ce, "Ba addininsa kake tsoro ba, malam. Fita ka same su."

A garin, wanda ya zo da gaba a ransa ba ya shan ruwan gida. Kowa ya ƙi kai ruwan. Baiwa ta ajiye kunya ta ɗauki ƙwarya, ta durƙusa, ruwan yana zuba a yatsunta.

Idrisa ya karɓa. Bai sha ba.

"Takawa, ba sai Sa'a ta gaya mini ba. Muryarka na ji daga cikin rumbu."

Munkaila ya miƙe zumbur!

Takawa ya zube ƙasa. "Yi mini abin da kake so... amma yarinyar ba ta da laifi!"

"A wurin bauta, ni ma na tona asirin wani da ya gudu, don kada a dake ni," in ji Idrisa a hankali. "Ban cancanci gafara ba, amma Almasihu ya yafe mini. Yaya zan riƙe ka?"

Ya sha, ya miƙa wa ɗansa.

Munkaila ya daɗe yana kallon ruwan. Baiwa ta fashe da kuka.

"Daina kuka, masoyiyata," in ji shi.

Ya shanye.

Bayan kaka aka ɗaura auren. Abin da Baiwa ta gane shi ne, babanta bai yi komai da ya cancanci a sha wannan ruwan ba, amma an sha.