Takarda Mai Tabon Man Masa

Malam Husaini na Tudun Ƙofa, ƙarya ka yi a walimar 'yarka! Ka karɓi lasifika ka ce kai ka samo wa ango aiki. Kai? To bari Keffi ta ji.

Ni Huraira, masa nake soyawa a tashar motocin Abuja. Duk ma'aikacin da ya tsaya saye da safe sai na tambaye shi, "Ofishinku ba a neman mutum?" Shi ya sa yara masu digiri ke kawo min takardunsu, ina adanawa a leda.

Ban yi boko ba. Ranar da Nasir, angon nan, ya zo karɓar tasa zai yi gyara, na yi kuskure na miƙa masa ta 'yarka Khaulat, da lambar wayarta a jiki. Ya kira ta, suka haɗu a bencina. Yana ganinta masa ta huce a hannunsa.

"Ba ni takardata mana," ta ce.

"Ki ɗan jira, ban gama haddace lambar ba."

Ta ja mayafi tana dariya. Shi ke nan fa, so ya kama!

Da manyansa suka je wurinka, me ka ce? Ba ka ba wa mai yawo da fayil 'ya. Yarinya ta zo min ido jawur, ta karanta min saƙon Nasir: "Tauraruwata, kar ki yi kuka. Ko ofishi ɗari ne zan shiga saboda ke. Don Allah ki ci abinci."

Sai na tare Madam Mabel, mai ɗaukar ma'aikata a wani kamfanin sola a Mararaba. Kwana bakwai ina cusa mata takardar Nasir, har mai ya ɓata gefenta, kafin ta karɓa. Da bakinta ta ce min cikin tulin takardu mai ƙamshin masa ta fara zarowa.

Ran Talata sai ga Nasir a guje. "Goggo, an ɗauke ni!" Na rangaɗa guɗar da ta tsayar da lodin mota.

An ɗaura aure, amarya ta tare a Jigwada. Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka.

Amma kai, Malam, ko hanyar Mararabar ka taka? Ka zo tasha gobe da safe, gaban direbobin da suka gani da idonsu, ka faɗi wanda ya samo aikin nan. Ina jiranka a bakin tanda!