Wanda Ya Nutse a Busasshiyar Rijiya

"Nutsewa ya yi, Sufeto. Talaka da ganganci!" in ji Mai Burtsatse, yana toshe hanci da hankici.

"Wa ya ce maka nutsewa ya yi?"

"Mutum a rijiya, me zai kashe shi?"

Sufeto ya dubi gawar Mai Albasa da aka ciro daga rijiyarsa. Rigarsa jiƙe take sharkaf. Ya jefa dutse cikin rijiyar. Ƙwas! Babu ko ɗigon ruwa.

A bakin kwamin albasa ya tarar da matar mamacin, tana shafa ganyen da ya ƙone kamar kan jariri.

"Yaushe rijiyarku ta ƙafe, baiwar Allah?"

"Wata biyu, yallaɓai. Tun da maƙwabcinmu ya haƙa burtsatse mai zurfi, ya zuƙe ruwan kowa. Kullum da safe maigidana kan ɗauki jarka biyu ya je roƙo. Jiya ya ce ko an hana shi sai ya ɗiba."



A asibiti likita ya miƙo masa rahoto. "Huhunsa cike yake da ruwa, ruwan kuma gauraye da takin zamani."

Gona ɗaya ce take narka taki a tafkin ban-ruwa: ta Mai Burtsatse. Sufeto ya nufi can. Inji na ruri, tumatir kore shar har iyakar gani. A bayan ɗakin injin ya ga jarka biyu, an ɗaure wuyansu da tsumman zanen mace.

"Na ma'aikatana ne," in ji Mai Burtsatse.

"Irin zanen da ke jikin matar mamacin ne. Ranka ya daɗe, yaushe rabonka da leƙa rijiyar maƙwabcinka?"

"Me zan nema a ciki?"

"Da ka leƙa, da ka san kai ka busar da ita. Ka jefa wanda ya nutse inda babu ruwa."

Hankicin ya faɗi daga hannun Mai Burtsatse.

"Ruwa yake so, na ba shi!" ya daka tsawa. "Na danna kansa a tafki har ya ƙoshi. In na bar ɗaya ya ɗiba, gobe ɗari za su zo!"

Matar tana tsaye a bakin shinge, ba ta yi kuka ba. Jarkokinta kawai take kallo.

Sufeto ya juya ga kofur ɗin da ke tare da shi.

"Sa masa ankwa. Ka cika mata jarkokin nan, sannan ka kashe injin. Ba zai sake tashi ba sai kotu ta yi magana."