Wa Ke Kallo?

"Injiniya, don Allah zo ka gani, ya sake daskarewa!"

Amarya ce ta ƙwala kiran daga falo, rimot a hannu, tef ɗin awo rataye a wuya. Hadari ne kawai ya ɗan taso, ko ɗigo bai sauka ba, amma hoton talabijin ya tsaya cak, bakin jarumar a buɗe kamar mai hamma.

Mijinta ya fito yana goge hannu. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi, shi ya sa kowa ke ce masa Injiniya. Ita kuwa ɗinki take yi a ɗakin baya, kuma har yau sunan amarcin bai sake ta ba.

"Ni fa na gaji da dish ɗin nan," ta ce. "Mu koma kallon intanet mana. Abin da kake so, lokacin da kake so! In kwastoma ta zo in tsayar, in ta tafi in ci gaba."

"An gama, ranki ya daɗe," ya ce yana dariya. Sonta yake yi kamar ya haɗiye ta, ba ya ma iya ɓoyewa.

Ba wanda ya waiwayi Umma, mahaifiyarsa, a kujerarta ta bakin taga. Marigayi mijinta ne ya hau tsani da kansa ya kafa dish ɗin. Umma ba ta karatu, idonta ma ya yi rauni, amma babban yatsanta ya haddace lambar tasharta a tsohon rimot, har fentin wurin ya goge. Kullum bayan la'asar sai ta danna, ta ɗaga murya: "'Yata! Zo, an fara!" Amarya ta taka birkin keken ɗinki ta fito da gudu, su zauna suna tsine wa mugun cikin shirin tare.

Ranar Asabar aka sauke dish. Sabon rimot ya zo, ɗan siriri, sumul, ba lamba ko ɗaya. Injiniya ya nuna wa Umma a gurguje: nan, sai nan, sai ki gangara nan. Ta ce to. La'asar ta yi, ta wuce, Amarya ba ta ji kira ba. Ta ce a ranta ai ba komai, yanzu kowane lokaci ana iya kallo.

To, abin da ake iya yi kowane lokaci, sai ya zama ba a yinsa sam. Injiniya na kallon ƙwallo a waya, Amarya ta jingina tata a jikin keke, falo ya yi tsit.

Ana haka Yaya ta zo, babbar yayar Injiniya, wadda tun farko ba ta so auren ba. Ta tarar da Umma zaune gaban talabijin, fuskoki biyu na zane suna mata murmushi, ɗaya shuɗiya, ɗaya ja.

"Su wane ne waɗannan da kullum suke tare mini hanya?" in ji Umma.

Yaya ta karanta, ta taɓe baki. "Tambaya yake yi, wai wa ke kallo. Wannan ɗanki ne, wannan matarsa."

"Ni fa?"

"Ke? Hmm! Ai ke ba kya ciki, Umma."

Daga ranar Umma ta daina zama a falo. In Amarya ta gaishe ta sai ta ce, "Lafiya, 'yar nan." 'Yar nan! Amarya ta koma ɗakin ɗinkinta. Ta rasa sukuni. Ta zauna kan keke, ta tashi, ta leƙa ƙofar Umma, ta dawo. Ta ɗinka hannun riga a baibai, ta farke, ta sake ɗinkawa a baibai. Ta yi wa Umma sabuwar riga, aka ce ta ajiye a can. Ta tambayi laifinta, aka ce ba komai.

Yaya kuwa ta sa ƙaninta a gaba a waya, har Amarya na jiyo muryarta daga kicin. "Ta sa ka cire abin da Baba ya kafa da hannunsa, gobe uwar taka za ta sa ka cire! Jibi zan zo in ɗauke ta. Kai kuma ka zaɓa!"

Ya shigo kicin idonsa jawur. "Me kika yi wa Umma?"

"Wallahi ban sani ba!"

"Ke kika kawo maganar intanet ɗin nan. In Umma ta bar gidan nan saboda ke, ban san da wane ido zan ƙara kallonki ba."

Bai taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ta so ta ce ai kai ka ce an gama, amma ta haɗiye, ta juya ga tukunya hawaye na zuba. Tsoro ya kama ta sosai: in tsohuwar nan ta fita da jakarta, aurenta ma ya bi bayanta.

Ranar da Yaya za ta zo, Amarya ta shiga ɗakin Umma ta tarar da jaka a ɗaure, tsohon rimot a samanta. Ta zube a ƙasa ta riƙe ƙafafun Umma.

"Umma, ki dake ni in kina so, amma ki faɗa mini. Ba zan sake ki ba!"

Umma ta dube ta. "Ni ba ki zage ni ba, 'yar nan. Amma gidan da akwatin talabijin ma ya san mutum biyu ne a ciki, zaman me zan yi? Da ina da abu ɗaya da nake kiranki dominsa. Yanzu ko kunnawa ban iya ba. In kira ki in ce me?"

Amarya ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ashe ba dish Umma ke wa kuka ba! Ta fashe da kuka, ta miƙe a guje. Ta ƙwace wayar Injiniya daga hannunsa ta goge fuskokin nan biyu, ta buɗe sabuwa guda ɗaya tak, ta rubuta mata suna, ta sa shirin Umma a sahun farko. Ta zazzage gwangwanin maɓallanta, ta zaɓi wani ɗan ƙarami na riga, ta manna shi da gam a tsakiyar sabon rimot.

Ta kamo hannun Umma har falo gaban talabijin, ta ɗora yatsanta a kan maɓallin. "Kin ji shi? Ki danna, ki ƙara dannawa, shi ke nan."

"Wannan fuskar fa, ta wace ce?"

Injiniya ne ya karanta. "An rubuta: Umma da 'ya'yanta."

Ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya nemi gafara, sannan ya juyo ga matarsa. "Ni na sauke dish, ni na rubuta sunaye biyu, na zo na huce a kanki. Ki yafe mini." Da Yaya ta iso da mota, Umma ta ce mata ta zauna ta sha ruwa, jakar kuwa an riga an kwance. Yaya ta sha ruwan tana harare-harare, ta tafi ita kaɗai.

Ku masu sabon aure, ku ji da kyau: ba laifi ba ne a canza tsohon abu da sabo, amma kafin ku sauke shi, ku duba ko akwai wanda zuciyarsa ke rataye a jiki. Kuma da Amarya ta rama faɗa da faɗa, da ba ta taɓa jin abin da ke ran Umma ba. Haƙurinta ne ya tsare mata gidanta.

Washegari bayan la'asar Amarya na kan keke, kunnenta na falo, ƙafarta ta kasa taka feda. Kowa a gidan ya san yanzu ba abin da ke farawa sai an danna. Sai ga muryar nan ta ratso bango:

"'Yata! Zo maza, an fara!"