Guɗar Umma a Aldwych

"Ɗan mai goge? Shafa'atu, kanki ɗaya kuwa?"

"Umma, mahaifinsa ne mai goge, can Kumasi. Shi Sumani aiki yake..."

"Aikin nuna wa mutane kujera a gidan kiɗa! Barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe? Ban yarda ba!"

Ban yi kuka ba. Ni ba mai kuka ba ce, ko ranar da aka binne Abba idona a bushe yake. Amma ina son Sumani, kuma na riga na gaya masa in Umma ta ce a'a, to magana ta ƙare.

Ran Juma'a ya aiko da tikiti biyu flat ɗinmu a Camberwell. Wata gwanar violin ce, gogen Turawa, za ta kaɗa sonata, dogon kiɗan wani ɗan Rasha, ran Lahadi da rana, a zauren da yake aiki a Aldwych.

Ina ganin sunan na gane. Sonatar ce a faifan da Abba ya zo da shi daga Mosko, inda ya karanta likitanci. Duk Lahadi sai ya sa, Umma na kicin tana mita, "An fara kukan magen nan!" Tun rasuwarsa faifan na saman wardrobe. Ni na ba Sumani labarin.

"Zan je," in ji Umma. "Ba don kiɗa ba. In gaya masa ido da ido ya fita harkarki."

Ya tare mu a ƙofa cikin jar kwat ɗin aiki. Ya gaishe ta, ta amsa a daƙile. Da ya kai mu kujera ya raɗa min, "Sanyin idona, kiɗan kashi huɗu ne. Ki gaya ma Hajiya ba a tafawa sai an gama duka."

Ban gaya mata ba. Umma ce za ta tafa wa mai goge?

Matar ta fito, tsohuwa, gajera, kai fari fat. Ta ɗora abin a kafaɗa ta kwantar da haɓa a kai. Mai fiyano ya fara daga ƙasa, a hankali, ita kuma ta shigo da murya mai kauri. Gaskiya ta iya. Kashi na biyu faɗa ne, tana dirzar tsirkiya har gashin izgar ya fara tsinkewa, ko a jikinta.

Na saci kallon Umma. Ta daina wasa da jakarta.

A kashi na uku sautin ya sirance. Yatsan tsohuwar na rawa a wuri ɗaya, tana jan izga ba ka jin inda ta juya. Daidai nan Abba kan rufe ido ya ce wa Umma, "Yelwa, zo ki ji." Ba ta taɓa zuwa ba.

Sautin ya ƙare. Zauren ya yi tsit, ko tari babu.

Sai Umma ta kama hanci ta rangaɗa guɗa.

"Ayyiririri yiriii!"

Innalillahi! Duk Turawan suka waiwayo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Manajan da ke bakin ƙofa ya yafito Sumani, ya nuna Umma, ya nuna waje.

Sumani ya tako har gabanmu. Maimakon ya yi magana a tsaye, sai ya tsuguna, irin tsugunon gaban suruka.

"Korata aka ce ka yi?" Umma ta tambaya, hawaye na bin kuncinta.

"Eh, Hajiya."

"To?"

"Ni ba na korar uwata."

Tsohuwar ta hango mu daga dandamali. Ta ɗaga izga wajen Umma, ta ɗan rusuna, sannan ta faɗa kashi na huɗu da gudu. A tsugune Sumani ya saurare shi har ƙarshe.

Muna tsaye a bus stop ya iso, babu jar kwat.

"Sun sallame ka?" na ce.

"Sun ce in je in huta."

Umma na kallon titi. "Ashe ba mage mahaifinki yake saurare ba... Sau nawa ya kira ni, Shafa'atu?"

Na ce, "Umma, kin ce akwai abin da za ki gaya masa."

Ta gyara mayafi ta dube shi sama da ƙasa.

"Mahaifin naka ya kai matar nan iyawa?"

"Yana taɓawa, Hajiya."

"To ya zo da gogensa. Ni ba na guɗa a banza, tun da na yi sai an yi biki. Ka turo manyanka."

Bas mai hawa biyu ta zo, muka hau sama. Ba mu ƙetare gadar Waterloo ba kuka ya ƙwace min, wanda ban yi wa Abba ba. Umma ta miƙo min bakin mayafinta.