Maganin Da Zai Sa Tsuntsu Magana

"Ina maganin yaron nan?"

Tana durƙushe tana ɗaura wa ɗansu takalmi, ba ta ɗago ba. "Na ajiye."

"Ki ɗauko mana, na makara. Mutane na jirana a shago."

"Yau ba zai sha ba, Abbansa."

Ya sauke jakar kayan aikinsa. Mai gyaran firji ne, mutum mai sanyin hali. Tun suna saurayi da budurwa take tsokanarsa cewa sanyin firjin ne ya shige masa jini. Amma da safen nan idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Me kika ce?"

"Don Allah ka zo ka dubi idonsa a haske. Fari ne wannan? Fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, abinci ya ƙi, sai soshe-soshe yake kamar zai yage fatarsa!"

"Ai mai maganin ya faɗa mana! Ya ce in an ga amai da kasala, gubar ce take fita."

"Gubar ce take fita, ko ɗana ne yake ƙarewa?"

Yaron dai bai kalli kowa a cikinsu ba. Shekararsa biyar, bai taɓa furta kalma ko ɗaya ba. Likitoci sun ce lalurar otizim gare shi, wadda ke taɓa maganar yaro da mu'amalarsa da mutane. In ya ji daɗi sai ya yi ta kaɗa hannuwa yana tsalle, shi ya sa Abbansa ya sa masa Tsuntsu, har sunan ya bi shi. Yanzu kuwa an kwana biyu hannuwan nan ba su ɗaga ba.

Inna ce, mahaifiyar mijin, ta kawo labarin maganin. A gidan suna ta ji ana zancen wani mutum mai ofis a saman bene, wanda ya ce dalma da sauran ƙarafa masu guba ne ke taruwa a jinin yara su ɗaure musu harshe. Ya yanki gashin Tsuntsu, daga baya ya kira ya ce jikin a cike yake da ƙarfe. Ya ba su wasu ƙwayoyi masu warin ruɓaɓɓen ƙwai, wai za su zuƙe ƙarfen su fitar da shi ta fitsari. Ranar da suka dawo, sai da mijinta ya ɗaga ta sama a tsakar ɗaki don murna.

"Masoyiya, zai kira ni Abba! Wallahi zai kira ni!"

Da hannunta take fasa ƙwayar a cikin yogot. Da hannunta take riƙe haɓarsa yana fizge-fizge. Ta taɓa tambayar mutumin ko ba a gwada jini a duba hanta, ya yi dariya ya ce mata sun cika tsoro.

"Ba ni maganin," in ji mijin.

"Ba zan bayar ba."

"Inna ta ce dama ba ki taɓa yarda da shi ba. Kin saba da yaron haka, ke ko a jikinki! Ni nake shiga cikin maza ana tambayata ko ɗana kurma ne!"

Maganar ta sauka mata a ƙirji. Ita da ba ta san barcin kirki ba tun haihuwarsa, ita da ta bar zuwa gidajen mutane don kada a yi ta kallonsa...

"Ni ce ko a jikina?"

Ya suri jakarsa, ya tsaya a bakin ƙofa bai waiwayo ba. "In na dawo, ya zama ya sha. Kuma ban ce ki fita da shi ko'ina ba."

Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa taka ƙafa waje da ya ce a'a ba. Ta zauna bakin gado tana juya maganar. Can Tsuntsu ya kwanta a ƙasa, ya naɗe ƙafafunsa, ya yi wani nishi da ba ta taɓa ji ba. Ta yafa mayafinta, ta jefa kwalbar maganin a jaka, ta goya shi duk da tsawonsa.

A babban asibiti wata likitar yara ce ta karɓe su, dattijuwa mai magana a hankali. Ta ja fatar idonsa ƙasa, ta danna gefen cikinsa na dama, yaron ya zabura. Ta karanta jikin kwalbar, ta ɗago ta dube ta.

"Wa ya auna jininsa kafin a fara ba shi wannan?"

"Babu... gashinsa aka yanka."

Likitar ta lumshe ido. Nan take aka ɗebi jini, aka ba su gado.

Da yamma mijin ya shigo a guje, rigarsa duk baƙin mai. Ta ɗauka faɗa zai yi, sai ta ga ya ƙame yana kallon robar ƙarin ruwa a hannun ɗansa.

Likita ta kira su gefe. "Hantarsa ta kumbura, kuma ta wahala sosai. Wannan maganin muna amfani da shi, amma ga wanda gwajin jini ya tabbatar guba ta shige shi, kuma muna bin hantar da ƙodar da awo a kai a kai. Ba ya warkar da otizim."

"Amma... an ce zai yi magana," in ji shi da wata murya kamar ba tasa ba.

"Na san abin da ya kai ka, ɗana. Ba ku ne na farko ba. Yanzu dai mun tsayar da shi. Hanta kan farfaɗo in an bar ta ta huta, amma ba zan yi muku alkawari ba."

"Da an ƙara masa fa?"

Likita ta dubi matar. "Ka gode wa Allah da ta kawo shi yau."

Ya juya ya fita. Ta bi bayansa da kallo har ya sha kwana.

Daga ranar bai sake shiga ɗakin ba. Kullum zai zo da kwanon abinci da kayan sawa, ya ba ma'aikaciyar jinya ta miƙa, shi kuma ya zauna a benci a baranda har a kori 'yan dubiya. Ita ma ba ta leƙa shi ba. Zuciyarta ta yi nauyi. In ta tuna maganarsa sai ta ji kamar ba za ta iya haɗa ido da shi ba har abada, in kuma ta tuna cokalin yogot sai ta shiga banɗaki ta toshe baki ta yi kuka.

Inna ta zo, ta ga jikanta ya koma rawaya har tafin hannu, ta zube a ƙasa. "'Yata, ni na jawo... alheri na nufa, Allah ne shaidata!"

"Tashi, Inna. Duk mun nufi alheri." Iyakar abin da ta iya cewa ke nan.

Sai jikin ya ƙara rikicewa. Tsuntsu ya ƙi ruwa, ya ƙi barci, yana fizge robar hannunsa yana buga kai da ƙarfen gado. Ta rungume shi, ya ture ta. Idonsa na kan ƙofa. Duk wanda ya shigo sai ya kalli ƙafafunsa, sannan ya kauda kai ya ci gaba da kuka.

A nan ta gane. Takalmin Abbansa yake nema.

Ta fita baranda. Yana zaune ya haɗa kai da gwiwa, ya rame, gemu ya cika masa fuska.

"Tashi ka shiga."

"Da wane ido zan kalle shi? Ni na kusa kashe shi."

"Ni nake ɗura masa, ka manta? In laifi ne, tare muka yi. Amma ni ban gudu ba!"

"Abin da na faɗa miki ranar nan..."

"Ya yi min ciwo, har yanzu yana min. Wannan tsakanina da kai ne, za mu yi ta daga baya. Yanzu ɗanka ke kiranka."

Ya ɗago da jajayen idanu. "Kirana? Shi da ba ya magana?"

"Kwana da kwanaki yana kiranka, Abbansa. Kai ne ba ka zo ka ji ba."

Ya miƙe kamar mai koyon tafiya. Yana shiga, Tsuntsu ya dubi takalmin nan mai ƙura, kukan ya tsaya cak. Bai kalli fuskar uban ba. Ya dai miƙa siririn hannunsa ya kamo babban yatsansa, ya jawo hannun ya ɗora a gefen cikinsa, daidai inda ke masa ciwo, ya danne da nasa hannun.

Uban ya durƙusa ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

"Na gani, Tsuntsuna... na ji. Yi haƙuri! Ba sai ka ce komai ba, wallahi. Ka dai zauna da mu... ka zauna kawai!"

Ta ɗauko kofi ta miƙa masa. Da ɗaya hannun ya kai bakin yaron, ruwan na zuba masa a wuya. Tsuntsu ya kurɓa, ya sake kurɓa.

Sun daɗe a asibitin. A hankali rawayar ta fara ja da baya, likita ta sallame su da sharaɗin dawowa awon jini na tsawon lokaci. Ofishin saman benen kuwa, da mijin ya koma sai ya tarar da kwaɗo a ƙofa.

Ranar sallama shi ya saɓa yaron a kafaɗa, ya koma ba nauyi kamar ɗan yaye. A bakin ƙofar asibiti ya tsaya ya dube ta.

"Kin yafe min?"

Hawaye suka zubo mata. Ta gyara wa Tsuntsu riga inda ta zame, sannan ta bar hannunta a kan hannun mijinta.

"Ina kan yafewa, masoyina. Mu je gida."