Gurbin Hannun Malam Usaini

"Muhsina... me kika yi?"

A hankali Hadi ya yi maganar, kuma da tsawa ya daka mata da ya fi mata sauƙi.

Tana tsaye a gaban teburin shagonsa na gyaran kwamfuta da ke hanyar tashar Gaya, murmushin da ta shigo da shi bai gama barin fuskarta ba. Ga gidan ƙarfen wani tsohon kibod, allon madannan kwamfuta, a kan tebur, sai ɗaukar ido yake kamar tukunyar amarya.

"Wanke shi na yi. Ba ka ga ya yi kyau ba?"

"Da me?"

"Da toka da soson ƙarfe... na ɗan matsa lemun tsami a inda daudar ta yi taurin kai."

"Waɗansu baƙaƙen wurare guda biyu a nan ƙasa fa?"

"Ai su suka fi ba ni wahala," ta ce, har da ɗan alfaharinta. "Sai da na tashi tsaye a kansu."

Hadi ya sulale ya zauna, ya rufe fuskarsa da tafukansa.

A nan ne murmushinta ya ɓace.

Kowa a garinsu Gafasa ya san wankin Muhsina. Tukunyar da aka fid da rai da ita, in ta shiga hannunta, sai ka ga fuskarka a gindinta. Da wannan hannun ta zo Gaya koyon kwamfuta wurin Hadi, ya koya mata, ya kuma ƙara da abin da ba ya cikin darasi. Ranar Lahadin nan baffanninsa za su je Gafasa neman aurenta. Da ƙyar da roƙo mahaifiyarsa Inna Talatu ta ce to, ita ma da rabin baki, don tun asali 'yar ƙanwarta Zulfa, wadda ta riƙa tun tana ƙarama, ta so ya aura.

"Ya Hadi, ka yi min magana don Allah."

"Ba dauda ba ce, Muhsina." Ya ɗago kai. "Hannun Baba ne."

Ya faɗa mata, yana yi yana tsayawa. Mahaifinsa, marigayi Malam Usaini, a bakin sakatariya ya ƙare rayuwarsa yana buga wa mutane takardu, da farko da tafireta, daga baya da wata tsohuwar kwamfuta mai nauyin tsiya. Kwamfutar ta mutu tuni, kibod ɗin ne ya rage. Inda yake ɗora tafukansa fenti ya cinye, ƙarfen ya yi baƙi ya yi santsi, gurbi biyu daidai hannunsa. Tun da yanar ido ta makantar da Inna, kullum bayan sallar asuba sai ta jawo shi daga ƙarƙashin gado, ta ɗora hannuwanta a gurbin nan tana yi wa mijinta addu'a.

"Ban taɓa ganin ta bar shi ya fita daga ɗakinta ba. Ni na lallaɓa ta, na ce zan gyara madannan ya koma aiki. Na rantse mata ba abin da zai taɓa gurbin nan. Shi ya sa na kwance gidan na ajiye shi daban kafin in tafi Kano neman waya."

"Innalillahi..." Ta dafa bango. "Wallahi ban sani ba. Zulfa ce ta miƙo min shi jiya, ta ce ka bar saƙo a wanke shi fes kafin ka dawo."

Zulfa na zaune a bakin ƙofa inda take sayar da katin waya, kunnenta kuma tun ɗazu yana ciki. Ta leƙo tana gyara mayafi.

"A'a, kar ki sa ni a ciki, baiwar Allah. Ni cewa na yi ki goge masa ƙura. Ina na san a Gafasa da toka ake goge ƙura?"

"Zulfa, ki ji tsoron Allah. Ke da kika tashi a ɗakin, kin san ko mene ne."

"Ni dai tausayin Inna nake ji," in ji Zulfa, ta koma wurin zamanta. Ko makaho ya ji muryar ya san ba tausayi a cikinta.

Hadi ya tura ƙofar. Ya ɗauki ƙarfen yana juya shi, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"In Inna ta ji, ba Lahadi. Na san ta. Ba za ta yi faɗa ba, cewa kawai za ta yi a dakata, kuma dakatawar Inna ba ta da ranar ƙarewa."

"To ya za mu yi?"

Ya ajiye ƙarfen, ya ce, "Zan sake fesa masa fenti. In ya bushe in bi wurin da samfefa mai laushi, in shafa baƙin mai, in ɗan gasa shi. Ba gani take ba. Zulfa kuwa na san yadda zan rufe mata baki."

"Ta riƙa ɗora hannu a kan baƙin mai tana kiran sunan Baba?"

"Muhsinata, ba ni da wata dabara. Ba zan iya rasa ki ba, kin ji? Ba zan iya ba."

Ita ma ba za ta iya ba. Allah ya sani tana son Hadi, son da ya hana ta cin abinci a nutse tun ranar da aka sa Lahadin nan. Ta buɗe baki za ta ce a yi hakan, sai ta hango kanta amarya a gidan, kullum asuba tana jin tsohuwa ta bango tana addu'a a kan ƙarya, ita kuma tana shara tana yin kamar ba ta ji ba. Sai ta fasa.

Aka kira la'asar. Hadi ya fita masallaci yana cewa ta jira shi.

Ba ta jira ba. Ta naɗe ƙarfen a cikin hijabinta, ta wuce Zulfa ko kallo, ta tsayar da mai babur.

Inna Talatu na zaune a kan tabarma a rumfar tsakar gida tana ɓarar gyaɗa da lalube. Muhsina ta yi sallama, ta durƙusa nesa kaɗan.

"Wace ce?"

"Ni ce, Inna. Muhsina."

"Ta Gafasa?" Hannun ya tsaya. "Yau kuma surukai ke kawo kansu tun ba a kai goro ba?"

"Laifi na yi, Inna. Na zo ki ji daga bakina."

Ta matsa da gwiwoyinta ta ɗora ƙarfen a cinyar tsohuwar. Inna ta gane nauyinsa nan take. Hannuwanta suka tafi wurin da suka saba ba tare da lalube ba, suka sauka, suka tsaya. Suka matsa hagu, suka dawo dama. Ta bi ƙarfen da yatsu tun daga wannan baki har wancan, tana neman abin da babu.

"Ina yake?"

"Na goge shi, Inna. An miƙo min shi a shago, na zaci dauda ce. Na wanke shi yadda nake wanke tukunya."

Hawaye ne kawai suka gangaro daga fararen idanun Inna, ba ta ko share su ba. Muhsina ta kifa kai a ƙasa tana kuka, tana jin aurenta na zamewa daga hannunta, ba kuma wanda ya ƙwace shi sai ita.

"Gonarsa an raba," in ji Inna daga baya. "Rigunansa an bayar sadaka. Wannan kaɗai na ce a bar min. Shi ma kin zo kin sa toka."

"Ki yafe min, Inna. Ko kin fasa, ki yafe min."

"Me ya hana ki ɓoye? Ba gani nake ba."

"Ana iya fesa fenti a shafa baƙin mai a kwaikwayi gurbin. Na kasa."

"Yaron nan ne ya kawo wannan shawarar?" Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

Muhsina ta ƙara kifa kanta a ƙasa.

Daidai nan Hadi ya faɗo gidan yana haki, takalminsa ɗaya a hannu. Ganin ƙarfen a cinyar uwarsa ya sa ya zube a inda yake.

"Inna, laifina ne, ni ne ban..."

"Rufe min baki. Kai da baƙin manka, zan zo kanka. Ita ma wadda ta san abin ta miƙa shi, zan zo kanta." Ta juya fuskarta inda take jin shessheƙa. "Ke, kin iya bugawa?"

"Na... na iya kaɗan, Inna."

"Miƙo hannunki."

Ta miƙa. Inna ta kama shi da ƙarfi, ta kamo ɗayan, ta danna su duka biyu a kan ƙarfen, a daidai inda gurbin yake a da.

"Ban yafe ba tukuna, kar ki yi murna. Malam rabin rayuwarsa ya yi kafin hannunsa ya zauna a nan. Ke kika goge, ke za ki mayar. A haɗa shi a kawo ɗakina, kullum ki zauna ki buga ina ji, har wurin nan ya sake yin baƙi."

"Inna, ai wannan... sai shekaru."

"Na sani," in ji Inna Talatu, ba ta saki hannun ba. "Kai kuma je ka faɗa wa baffanninka kar su makara ranar Lahadi. Yarinyar nan tana da aiki a gidan nan."